Tauraro Ɗaya Zai Iya Ciyo Kofi? Tambayoyi da Amsoshi kan Ƙwallon Kwando da Hokin Ƙanƙara

Gasa biyu ake magana a kai a nan, dukansu na Amurka da Kanada: NBA ta ƙwallon kwando mai ƙungiyoyi 30, da NHL ta hokin ƙanƙara mai ƙungiyoyi 32. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Ana buga wasa 82 a kaka, ƙungiyoyi 16 su shiga wasannin fidda gwani, a yi zagaye huɗu, kowane zagaye wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ya wuce. Duk mai son kofi sai ya ci wasa 16. Tun da hanyar ɗaya ce, ana iya auna nauyin da mutum ɗaya yake iya ɗauka a kowanne.

A taƙaice, a wane wasa tauraro ya fi tasiri?

A ƙwallon kwando, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Daga 1991 zuwa 2003, shekara 13 ke nan, duk ƙungiyar da ta ɗaga kofin NBA tana da ɗaya daga cikin mutum huɗu: Michael Jordan, ko Hakeem Olajuwon, ko Tim Duncan, ko Shaquille O'Neal. LeBron James ya buga wasan ƙarshe sau takwas a jere daga 2011 zuwa 2018, huɗu da Miami, huɗu da Cleveland. Ya sauya gari, ya sauya koci da abokan wasa, wasan ƙarshe ya bi shi.

A hoki kuwa, Wayne Gretzky, wanda babu gardama kan cewa shi ne gwanin gwanaye, ya ci kofin Stanley, wato kofin NHL, sau huɗu da Edmonton. Aka sayar da shi ga Los Angeles a watan Agustan 1988, bai sake cin kofi ba har ya yi ritaya a 1999. Edmonton da ta rabu da shi ta sake ɗaga kofin a 1990.

Wai minti nawa tauraro yake yi a fili?

Nan ne tushen maganar. Wasan NBA minti 48 ne, mutum biyar a fili. Babban ɗan wasa yakan buga minti 34 zuwa 37 a wasannin kaka, idan aka shiga fidda gwani ya haura 40. Idan wuta ta yi wuta ma koci ba ya cire shi: LeBron ya buga duka minti 48 a wasa na bakwai da Boston a 2018. In an tara mintunan mutum biyar za a samu 240. Mai buga 36 ya riƙe kashi 15 cikin 100 na duk aikin ƙungiyar, mai buga 42 ya haura kashi 17.

Wasan hoki minti 60 ne, an raba shi uku. Kowane ɓangare yana da mutum biyar da gola. Amma ƙungiya tana zuwa da 'yan wasa 18 ban da gololi biyu: 'yan gaba 12 da aka kasa rukuni huɗu na mutum uku-uku, 'yan baya shida da aka haɗa bibbiyu. Gudu a kan ƙanƙara da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa, ana ture-ture da bangaza, jiki ba ya jure shi fiye da daƙiƙa 40 zuwa 50 a zubi ɗaya. Da zarar ƙafa ta yi nauyi, ɗan wasa zai nufi benci yana haki, na bayansa ya tsallako katangar fili ya faɗa wasa, ba tare da an busa usur ba. Haka ake ta yi har a tashi. Ɗan gaba mafi gwaninta a duniya minti 20 zuwa 22 yake samu. Cikin jimillar minti 300 na mutum biyar, kashi 7 cikin 100 ke nan. Kusan kashi biyu cikin uku na wasan, Connor McDavid, tauraron Edmonton, yana zaune a benci yana kallo kamar kowa.

To me zai hana koci ya ƙara masa lokaci?

Ana ƙarawa, amma da iyaka. Abin da ya sa ɗan gaba ya zama tauraro shi ne zafin nama a taku uku na farko, kuma shi ne abin da gajiya take fara ci. Wanda ya wuce minti ɗaya a zubi yakan makara wajen komawa tsaro, sai a bar 'yan baya biyu da mutum uku suna tahowa a guje. Ƙwallaye da yawa haka ake cin su. 'Yan baya sun fi jure daɗewa domin gudunsu bai kai na 'yan gaba ba: manyansu kan yi minti 24 zuwa 27, kuma Duncan Keith na Chicago ya yi kimanin minti 31 a kowane wasa a fidda gwanin 2015. Ko shi ɗin rabin wasa ya buga.

Ƙwallon kwando tana da wuraren shan iska a cikinta: jifan fanareti, ƙwallo ta fita, hutun da koci yake nema, hutun tsakanin kashi huɗu. Gwani ya san inda zai sassauta, ya ajiye ƙarfinsa don minti biyar na ƙarshe.

Ban da lokaci, me kuma ya bambanta su?

Ikon riƙe ƙwallo. A kwando, bayan an ci ka, ƙwallo taka ce, ka ɗauko ta daga bayan layi ka miƙa wa wanda ka ga dama. Kana da daƙiƙa 24 ka yi jifa. Kowace ƙungiya tana kai hari kusan sau 100 a wasa, kuma koci yana iya cewa kowane hari ya bi ta hannun mutum ɗaya. Manyan taurari su ne ke ƙarasa kusan kashi ɗaya cikin uku na hare-haren da aka kai suna fili. Russell Westbrook ya haura kashi 41 cikin 100 a kakar 2016-17. Sauran hare-haren ma da sa hannunsa, domin idan mutum biyu suka rufar masa, dole wani abokinsa ya zama babu mai tsaronsa.

Faifan hoki roba ce mai tauri, faɗinsa inci uku, kaurinsa inci ɗaya, nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Da kan sanda ake jan sa a kan ƙanƙara mai santsi, yana tsalle, yana dukan katanga ya canza hanya, yana bugun takalmin wani ya karkace. Doka ta yarda a bangaje mai riƙe da shi. Ba wanda yake mallakarsa daɗewa. Ko da tauraro ya yi minti 21 a fili, lokacin da faifan yake kan sandarsa ɗan kaɗan ne daga ciki. Saura daƙiƙa 10 a tashi, kocin kwando zai tsayar da wasa ya zana yadda ƙwallo za ta isa hannun gwaninsa. Kocin hoki zai iya fitar da gola ya ƙara ɗan wasa na shida, amma sai ƙungiyarsa ta fara ƙwato faifan tukuna, kuma ba tabbas zai biyo ta wajen wanda ake so.

Yawan maki yana da alaƙa da wannan?

Sosai. Ƙungiyar NBA takan jefa sama da maki 110 a wasa a 'yan shekarun nan. Ƙungiyar NHL takan kai harbi wajen 30 ta ci wajen uku. Inda abu yake maimaituwa sau ɗari, gwaninta ba ta ɓuya: jifa ɗaya na sa'a ba ya sauya komai. Inda ci uku ne kacal, faifai ɗaya da ya bugi gwiwar ɗan baya ya shige raga ya zama kashi ɗaya cikin uku na abin da aka ci a daren.

Ga lissafi mai sauƙi da kowa zai iya bi. Ƙungiyar da take da damar cin kowane wasa kashi 70 cikin 100, damarta ta wuce zagayen wasa bakwai ta kai kashi 87. Mai kashi 60 tana da 71. Mai kashi 55 tana da 61 kawai. Idan aka jera zagaye huɗu, ta farko tana da kusan kashi 58 na ɗaukar kofi, ta biyu 25, ta uku ba ta kai 14 ba. Tauraron kwando yana iya ɗaga ƙungiyarsa zuwa sahun farko a kan yawancin abokan karawa. A hoki, idan manyan ƙungiyoyi suka haɗu, fifikon ɗaya a kan ɗaya yakan tsaya ne kusa da sahu na uku.

Tarihi ya bi lissafin. Ƙungiyar da ta shiga fidda gwani a matsayi na takwas, wato na ƙarshe a shiyyarta ta gabas ko yamma, ba ta taɓa cin kofin NBA ba. Mafi ƙasa da ta taɓa ci ita ce Houston ta 1995 a matsayi na shida, ita ma Olajuwon ne a tsakiyarta. A NHL, Los Angeles ta shiga a matsayi na takwas a 2012 ta ci wasa 16 ta faɗi huɗu kawai. St. Louis tana can ƙasan teburin gasar gaba ɗaya a farkon Janairun 2019, a watan Yuni ta ɗaga kofi. A shekarar ce Tampa Bay, wadda ta ci wasa 62 a kaka, Columbus ta share ta huɗu babu ko ɗaya a zagayen farko. Boston ta ci 65 a kakar 2022-23, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, Florida ta fitar da ita a zagayen farko.

Ina matsayin gola a duk wannan?

Shi kaɗai ne a hoki yake da irin ikon tauraron kwando, domin shi ne ba ya fita. Yana tsaye minti 60 a bakin raga mai faɗin ƙafa shida da tsawon ƙafa huɗu, kuma duk harbin abokan gaba ta kansa zai bi. Golan da yake tare kashi 90 cikin 100 na harbi 30, an ci shi uku. Wanda yake tare kashi 93 da ɗoriya, biyu aka ci shi. Wannan 'yar tazarar ita ce ci ɗaya a kowane wasa, kuma babu ɗan gaban da zai iya yi wa ƙungiyarsa alkawarin ƙarin ci ɗaya kullum.

A 2010, Washington ta Alexander Ovechkin ita ce ta fi kowa maki a kaka, tana gaban Montreal da wasa uku da ɗaya. Golan Montreal, Jaroslav Halak, ya tare harbi 131 cikin 134 a wasa uku na ƙarshe, ciki har da 53 a dare ɗaya. Washington ta yi duk abin da ake so babbar ƙungiya ta yi, ta mamaye fili, ta yi ta luguden harbi, aka fitar da ita. Jonathan Quick ya tare sama da kashi 94 cikin 100 a duk fidda gwanin 2012 da Los Angeles ta ci. Patrick Roy ne ya tsare wa Montreal raga a 1993, shekarar da suka ci wasa goma a ƙarin lokaci, kuma su ne suka hana Gretzky kofi a wasan ƙarshe.

Matsalar ita ce ba a iya sayen wannan da tabbas. An san wanda zai zama gwanin NBA a baɗi tun bana. Golan da zai kama wuta a watan Mayu kuwa sau da yawa ba shi ne mafi tsada ba. Jordan Binnington, wanda ya tsare wa St. Louis raga a 2019, ya fara kakar ne a ƙaramar gasa. Shi ya sa manajoji da yawa suke ɗari-ɗarin zuba kuɗi mai yawa a kan gola ɗaya.

Me ke faruwa idan tauraro ya tafi ko ya ji rauni?

Cleveland ta ci wasa 61 a kakar 2009-10. LeBron ya koma Miami, ta ci 19. Ya dawo a 2014, ta tashi daga 33 zuwa 53. Ya sake tafiya a 2018, ta faɗo daga 50 zuwa 19. Akwai wasu sauye-sauye a kowane karo, amma ba su isa su bayyana irin wannan hawa da sauka ba. A 2012 Chicago ce ta ɗaya a gabas, Derrick Rose ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan farko na fidda gwani, Philadelphia ta takwas ta fitar da su.

Akwai misalin da ake yawan kawowa don musanta wannan: Chicago ta ci 57 da Jordan a kakar 1992-93, ya tafi, ta ci 55. Gaskiya ne. Sai dai tana da Scottie Pippen, wanda shi ma babban tauraro ne, kuma New York ta fitar da ita a zagaye na biyu. Ƙungiya mai tsari tana iya cin wasannin kaka ba tare da gwaninta ba. A fidda gwani ne, inda abokin karawa yake da mako biyu yana nazarin ka, ake neman mutumin da zai ci ko an san abin da zai yi.

A hoki rashin mutum ɗaya ba ya rusa gida haka. Colorado ta rasa Peter Forsberg bayan zagaye na biyu a 2001, aka cire masa saifa, ta ci kofi. Pittsburgh ta ci a 2017 ba tare da babban ɗan bayanta Kris Letang ba. Kyaftin ɗin Tampa Bay, Steven Stamkos, bai kai minti uku a fili ba a duk fidda gwanin 2020, suka ɗauki kofi. A kakar da ta biyo baya Nikita Kucherov bai buga ko wasa ɗaya na kaka ba saboda tiyatar ƙugu, ƙungiyar ta kai kanta fidda gwani, ya dawo suka sake ci.

Akwai misalin manajan da ya yi caca a kan tauraro ɗaya ya ci riba?

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban Toronto Raptors a 2018. Ƙungiyarsa ta ci wasa 59 a kakar, Cleveland ta LeBron ta share ta huɗu babu ko ɗaya a zagaye na biyu. Ujiri ya gane cewa yawan 'yan wasa masu kyau ba zai kai su ba. Ya sallami koci Dwane Casey, ya ɗora Nick Nurse. A watan Yuli ya miƙa wa San Antonio DeMar DeRozan, wanda magoya baya suke ƙauna ƙwarai, ya karɓo Kawhi Leonard, mutumin da ya buga wasa tara kacal a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare.

A wasannin kaka ba a ga bambanci ba, 58 suka ci. Ranar 12 ga Mayu 2019 aka gani. Wasa na bakwai da Philadelphia, maki 90 da 90, saura daƙiƙa huɗu da 'yan kai. Duk wanda ke cikin zauren ya san hannun da ƙwallon za ta je. Leonard ya karɓa, ya yi dama da gudu har kusurwa, Joel Embiid mai tsawon ƙafa bakwai ya miƙe a gabansa, ya cilla ta sama can. Ƙararrawa ta yi ƙara ƙwallon tana iska. Ta daki bakin kwando sau huɗu, shi kuwa ya tsuguna a gefen fili yana kallonta, sannan ta faɗa ciki. Maki 41 ya ci a daren cikin 92 na ƙungiyar. Bayan wata ɗaya suka doke Golden State suka ɗauki kofinsu na farko, da taimakon Pascal Siakam ɗan Kamaru da Kyle Lowry da Marc Gasol. Dole a faɗa cewa Kevin Durant da Klay Thompson sun ji rauni a wannan karawar, wanda shi ma hujja ce kan nauyin tauraro. Leonard ya tafi a watan Yuli. Toronto ta ci 53 cikin 72 a kakar da ta biyo, ta tsaya a zagaye na biyu.

Manajan hoki da ya yi irin wannan cacar, ko da ya samo gwani na ɗaya a duniya, abin da ya saya minti 21 ne cikin 60.

Ashe McDavid bai isa ba ke nan?

Ya isa har ya yi yawa. Ya tara maki 153 a kakar 2022-23, kuma a hoki maki yana nufin ci ko bayar da faifan da aka ci. A fidda gwanin 2024 ya tara 42 a wasa 25, ya bayar sau 34, ya karya tarihin Gretzky na yawan bayarwa. A wasan ƙarshe Florida ta ci uku na farko. McDavid ya samu maki huɗu a wasa na huɗu, huɗu a na biyar, ya jawo Edmonton daga bakin rami. A na shida bai samu ko ɗaya ba, abokansa suka ci 5 da 1. A na bakwai ma bai samu ba, aka ci su 2 da 1. Aka ba shi kyautar gwarzon fidda gwani duk da an doke su. A 2025 suka sake haɗuwa, Florida ta sake ci a wasa shida.

Wannan karawar ta nuna komai. Ya iya juya wasa biyu shi kaɗai, amma Florida tana da rukuni uku masu iya ci da gola Sergei Bobrovsky, kuma mai masauki a hoki shi ke da damar sauyi na ƙarshe idan wasa ya tsaya, don haka a wasa na bakwai a gidansu suna iya ɗora masa mutanen da suka ga dama a kowane zubi. Ovechkin sai a kakarsa ta 13 ya ci kofi, a 2018. Ray Bourque ya jira kaka 22. Daga 2005 zuwa 2025 babu gwarzon kakar NHL ko ɗaya da ya ɗaga kofi a shekarar da aka ba shi kyautar, na ƙarshe shi ne Martin St. Louis a 2004. A NBA an yi haka sau huɗu a wannan tsakanin: LeBron a 2012 da 2013, Stephen Curry a 2015, Shai Gilgeous-Alexander a 2025.

Ke nan a hoki ba a bukatar taurari?

Ana bukata. Mario Lemieux ya ci a 1991 da 1992, Sidney Crosby a 2009 da 2016 da 2017, Colorado ta 2022 tana da Nathan MacKinnon da Cale Makar. Tauraro yana sa ƙungiya ta riƙa zuwa bakin ƙofa shekara bayan shekara, kuma mai yawan zuwa shi ya fi samun ranar da za a buɗe. Wurin da ya fi amfani shi ne lokacin da aka kori ɗan wasan abokan gaba na minti biyu, aka koma biyar da huɗu: fili ya buɗe, faifai ya zauna, gwani ya samu sararin tunani. Edmonton ta ci a kashi 32 cikin 100 na irin wannan damar a kakar 2022-23, mafi yawa a tarihin gasar.

A kwando fa, tauraro shi kaɗai ya wadatar?

A'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ko a nan. Jordan ya jefa maki 63 a Boston a 1986, aka ci su a wasan, aka share su a zagayen. Detroit ta fitar da shi shekara uku a jere daga 1988 zuwa 1990 ta hanyar rufar masa da mutum biyu ko uku da bugun jiki, sai da Pippen da Horace Grant suka ƙosa sannan ya wuce. LeBron ya yi kusan maki 36 a kowane wasa a wasan ƙarshe na 2015, Kevin Love da Kyrie Irving suna jinya, Golden State ta ci huɗu da biyu.

Waɗanda suka fi kusa da ɗaukar kofi da ƙarfin kansu su ne Olajuwon, haifaffen Legas, a 1994, shekarar da ya haɗa gwarzon kaka da gwarzon tsaro da gwarzon wasan ƙarshe, sai Dirk Nowitzki a 2011. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne aka haife shi a Girka, ya jefa 50 a wasan da ya ba Milwaukee kofi a 2021. A ɗaya gefen akwai Detroit ta 2004, wadda ba ta da gwani na sahun farko, ta doke Lakers ta O'Neal da Kobe Bryant huɗu da ɗaya da tsaro zalla. Har yau ita ake ambata idan ana neman misali, abin da ke nuna irinta ba ta da yawa.

Dokar albashi tana taka rawa?

Tana takawa, kuma mutane da yawa ba sa lura. A NBA an ƙayyade abin da mutum ɗaya zai karɓa: kashi 25 ko 30 ko 35 cikin 100 na iyakar albashin ƙungiya, gwargwadon shekarunsa a gasar. Gwani na ɗaya a duniya da na goma sha biyar kusan kuɗi ɗaya suke karɓa, don haka mai na ɗayan ya samu araha. Kuma iyakar tana da sassauci: ƙungiya tana iya haura ta don riƙe 'yan wasanta, ta biya haraji.

A NHL tun kakar 2005-06 iyakar ba ta lanƙwasuwa. Ta fara da dala miliyan 39, ta kai miliyan 88 a kakar 2024-25, kuma cikinta za a biya mutum sama da 20. Doka ta yarda mutum ɗaya ya karɓi kashi 20 cikin 100, amma manyan taurari sukan tsaya ƙasa da haka nesa, domin duk dalar da ta ƙaru a kansu daga rukuni na uku da na huɗu aka cire ta. Chicago ta ci kofi a 2010, kafin kaka ta gaba dole ta rabu da Dustin Byfuglien da Andrew Ladd da Kris Versteeg da golanta Antti Niemi, don kuɗin bai isa ba.

Sabuwar yarjejeniyar NBA ta 2023 ta tsananta wa masu kashe kuɗi fiye da kima, kuma daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ci kofi. Amma idan aka duba su ɗaya bayan ɗaya, kowacce da babban gwaninta: Leonard, LeBron, Giannis, Curry, Nikola Jokic, Jayson Tatum, Gilgeous-Alexander. Taurarin ne suka yawaita suka bazu.

Shi ya sa ƙungiyoyi suke faɗuwa da gangan don samun zaɓi na farko a rabon sababbin 'yan wasa, inda ake fifita na ƙasan tebur?

E, kuma a kwando ya fi biya. Milwaukee ta ɗauki Kareem Abdul-Jabbar a 1969 ta tashi daga cin wasa 27 zuwa 56, ta ci kofi a 1971. Boston ta tashi daga 29 zuwa 61 da zuwan Larry Bird. Abin ya yi yawa har NBA ta sauya ƙuri'ar a 2019, ƙungiyoyi uku na ƙasa kowacce ta koma kashi 14 cikin 100 na samun zaɓin farko. Edmonton ta samu zaɓin farko a 2010 da 2011 da 2012 da 2015, amma ta yi kaka goma a jere ba ta shiga fidda gwani ba, sai a 2017, domin 'yan gaba ta yi ta tarawa alhali baya da raga a buɗe suke.

Amma ai Najeriya ta taɓa doke Amurka da taurarinta. Wannan bai rushe maganar ba?

D'Tigers sun doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas a watan Yulin 2021, Durant da Damian Lillard suna fili. Sun jefa ƙwallon maki uku har 20 a daren. Wasa ɗaya ne na minti 40, a kan ƙungiyar da ba ta daɗe da haɗuwa ba. Jifan maki uku shi ne ƙofar da sa'a take shigowa ƙwallon kwando, kuma yawaitarsa ta sa ƙananan ƙungiyoyi suna kayar da manya a dare ɗaya fiye da da. Sai dai riƙe irin wannan hannun har sau huɗu cikin bakwai shi ne mai wuya. Bayan wata ɗaya Amurka ta ɗauki zinare a Tokyo, Durant ne ya ja ta.

Idan ana kwatanta gwanaye, daidai ne a ƙirga kofuna?

A kwando ƙirgar tana da ɗan amfani, in an haɗa ta da tambayar su wa ke gefensa da kuma wa ya kara da su. Wilt Chamberlain ya yi maki 50 a kowane wasa a kakar 1961-62 amma kofi biyu ya ci, Bill Russell ya ci 11 da ƙungiyar da ta fi tsari. A hoki ƙirgar zalunci ce ga ɗan wasa. Marcel Dionne ya ci ƙwallo sama da 700 bai taɓa ɗaga kofi ba, alhali akwai 'yan rukuni na huɗu da sunansu yake jikin kofin sau biyu ko uku. Mai son auna ɗan hoki ya duba abin da ke faruwa a mintunan da yake fili: harbi nawa ƙungiyarsa ta kai, nawa aka kai mata, ci nawa aka yi ana biyar da biyar, sannan ya kwatanta da mintunan da yake benci.